Farar fuska da jan hanci

A Ingila akwai wata ƙungiyar masu sana'ar ban dariya da ke ajiye rajistar 'ya'yanta a jikin ƙwai. Duk wanda ya shiga, sai a ɗauki ƙwai a zana kwalliyar fuskarsa a kai: yadda yake jan girarsa, inda jan bakinsa yake tsayawa, irin hular da yake kifawa. Wani mai suna Stan Bult ne ya fara abin a 1946 da ƙwan kaji na gaske, da suka yi ta fashewa sai aka koma na tangaran. Babu kotun da za ta karɓi ƙwai a matsayin shaida, amma 'yan sana'ar sun san abin da ake nufi: wannan fuskar ta wane ce, kada wani ya ara ba da izini ba. Su ne kuma, duk Lahadin farko ta watan Fabrairu, suke cika wani coci a gabashin Landan cikin kayan wasansu, da manyan takalma da jan hanci, don tunawa da wani mutum da ya mutu tun 1837.

Turawan Ingila na kiran mai wannan sana'a kilawun. Hausa ba ta da kalma ɗaya da ta zauna cif a kansa. Ɗan barkwanci ta yi masa yawa, don ta haɗa har da mai ba da labari da baki kawai. Ɗan kama, wanda ke kwaikwayon karatun malamai ya mai da shi zancen tuwo da miya, ɗan'uwansa ne ta wani ɓangare. Amma wawan sarki ya fi kusa, saboda a nan ne muka yarda cewa wauta na iya zama aikin da mai hankali zai ƙware a kai har ya ci abinci da shi. Don haka wawa zan ce masa, wawan fage.

Wanda ya ga hotunansu zai ɗauka na Turai da na Amurka duk kanwar ja ce. Tushensu kam ɗaya ne, amma sun raba hanya, kuma a nawa ganin abin da ya raba su shi ne tazara: taku nawa ne tsakanin wawan da mai kallonsa.

Tushen ba zai ɗauke mu lokaci ba. Sarakunan Turai sun yi nasu wawayen fada. Henry na Takwas na Ingila, wanda ya sa aka fille kan matansa biyu, yana da Will Sommers da ke faɗa masa abin da waziri ba ya iyawa, kuma sarkin ya mutu ya bar shi da kansa a wuyansa. Sai 'yan wasan Italiya na ƙarni na 16, masu yawo gari-gari da wasan da ba a rubuta zancensa ba, kowa da rawar da ya saba takawa: tsohon attajiri marowaci, masani mai surutun banza, da barori masu jin yunwa kullum. Cikin barorin akwai Arlecchino, mai riga faci-faci, riƙe da sanda ta siraran katako biyu da aka haɗa. In ya buga wa mutum, ƙara ta cika wuri, zafi kuwa babu. Mai shan dukan ya tashi garau, jama'a su yi dariya ba tare da sun ji sun ɗauki alhaki ba.

Mutumin da ake zuwa coci dominsa shi ne Joseph Grimaldi. An haife shi a Landan a 1778, ubansa ɗan rawa ne ɗan asalin Italiya, kuma tun yana ɗan yaye aka fara fito da shi dandali. Kafin shi, wawan wasan Ingila baƙauye ne kawai cikin tsumma, yana gefe Arlecchino na cin kasuwa. Grimaldi ya shafe fuska da wuya fari fat, ya zana ja a kumatu, ya faɗaɗa baki, ya tsayar da tukku a ka, ya fito a matsayin ƙaton yaro marar kunya mai satar nama da agwagi yana cusawa a aljihun wando. A wani wasan ya harhaɗa mutum da kayan lambu, mutumin ya tashi ya dambace shi. Wasansa na 1806 a gidan Covent Garden ya yi ta gudana dare bayan dare, daga nan wawa ya zama jigon wasa. Har yau 'yan sana'ar Joey ake ce musu, wato sunansa na gida.

Me ya sa fari? Manyan gidajen wasan Landan suna cin dubban mutane, hasken kuma na kyandir ne da fitilar mai. Wanda ke can sama a kujerar talakawa ba ya ganin motsin gira sai an zana masa ita ɓaro-ɓaro. Ga kuma doka: har zuwa 1843, wasan kwaikwayo mai magana an keɓe shi ga 'yan gidajen da ke da takardar izinin sarki, sauran sai waƙa da rawa da nuni da jiki. Kwalliyar nan kayan aiki ce, kamar lasifika a hannun mai shela.

Sana'ar ce ta cinye shi. Akwai lokacin da yake wasa a gidaje biyu a dare ɗaya, yana gudu daga wannan zuwa wancan. A 1823, yana da shekara 44, ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa. Wasan ban-kwana da ya yi a 1828 a zaune ya yi shi. Matarsa ta fari ta rasu wajen haihuwa, ɗansa ya faɗa shan giya ya riga shi mutuwa, sannan Charles Dickens ya tace tarihinsa ya fitar a 1838. Daga nan zancen nan da ake son maimaitawa ya yi ƙarfi, wai wawa dariya yake a fuska yana kuka a zuci. Ni ban cika sayen wannan ba. Abin da ya nakasa Grimaldi irin abin da ke nakasa ɗan dambe ne ko ɗan dako: shekara arba'in ana faɗuwa a kan katako.

A Faris kuwa, kusan lokaci guda, Jean-Gaspard Deburau yana fitowa a matsayin Pierrot, da farar fuska da farar riga mai faɗi, ba ya cewa uffan. A 1836 wani yaro ya zage shi a titi, ya kai masa sanda, yaron ya mutu. Kotu ta sallame shi, amma abin da aka fi tunawa shi ne yadda mutanen birnin suka yi cincirindo a kotun don kawai su ji yadda muryarsa take.

Fagen da ya zama gidan wawa na dindindin, doki ne ya auna shi. Philip Astley, tsohon sojan doki, ya fara nuna gwanintar hawa a Landan a 1768. Ya lura cewa in doki na sukuwa a da'ira, mahayi ya fi samun sauƙin tsayuwa a bayansa. Daga baya faɗin da'irar ya daidaita a ƙafa 42, wajen mita 13, kuma har yau awon ke nan. To, doki na gajiya, mahayi na buƙatar canja kaya, sai aka nemo wanda zai riƙe jama'a a tsakani. Cike giɓi aka ɗauko wawa ya yi a wannan wasa da suke kira sakas.

Turai ta riƙe da'irarta guda ɗaya. A Faris da Balin da Masko an gina wa sakas zagayayyun gidaje, kujeru sun kewaye fagen, na layin gaba yana jin warin doki, yana ganin gumin ɗan wasa. A irin wannan kusancin ne wawa ya rabu gida biyu. Ana ba da labari cewa a Balin, wajen 1869, wani mahayi mai suna Tom Belling ya faɗo cikin fage da kayan da suka yi masa yawa, ya yi tuntuɓe, jama'a suka yi ta ihu suna ce masa ogus, wato sakarai a bakin 'yan birnin. Masana tarihin sakas na ganin an yi wa labarin gishiri, amma sunan ya zauna.

Mai farar fuska shi ne maigida: riga mai ƙyalƙyali, hula mai tsini, gira ɗaya a ɗage, ya san komai, umarni kawai yake bayarwa. Ogus kuwa, mai jan hanci da takalma kamar kwalekwale, so yake ya yi daidai, da gaske yake so, sai dai kujera ta ƙi shi, guga ya ƙi shi, wandonsa ma ya ƙi shi. Yabon maigida yake nema, kuma tsananin neman ne ke kashe mutane da dariya. Duk wanda ya taɓa zama yaron shago ya san wannan wasan tun kafin ya gan shi.

Waɗanda suka fara fito da wannan haɗi sosai su ne Foottit da Chocolat, a Faris a shekarun 1890, kuma labarinsu ba ya da daɗin ji. George Foottit Bature ne ɗan Ingila. Chocolat, wanda sunansa Rafael, baƙar fata ne da aka haifa cikin bauta a Kyuba, aka kawo shi Sifaniya yana yaro. Foottit ne ke mari, Chocolat ne ke sha, dare bayan dare, kuma Faransa tana kan mamaye Afirka a lokacin. Ba sai an faɗa wa mutum abin da wasu 'yan kallo ke yi wa dariya ba. Duk da haka Rafael gwani ne na gaske, ɗan rawa ne da mai zane Toulouse-Lautrec ya zana, kuma ya yi shekaru yana shiga asibitocin Faris yana yi wa yara marasa lafiya wasa. Ya mutu a Bodo a 1917 ba shi da ko sisi, aka binne shi a ɓangaren matalauta. Sandar Arlecchino ba ta da zafi. Wannan marin yana da shi, ko da hannu bai taɓa kumatu ba.

Bayansu sai 'yan'uwa uku, Paul da François da Albert Fratellini, waɗanda bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya marubuta da masu zanen Faris ke zuwa kallonsu kamar masu zuwa ɗaukar karatu. Sai Grock, ɗan Suwizalan, wanda a wurina shi ne ƙololuwar wannan layi. Yana shigowa da ƙaton akwati ya fito da ɗan mitsitsin goge. Ya zauna zai buga fiyano, ya ga kujera ta yi nisa, sai ya tashi ya naɗe hannun riga ya turo fiyanon zuwa ga kujerar. Ya iya kiɗa ƙwarai, da kayan kiɗa iri-iri, kuma wasansa guda ɗaya ne, wanda ya yi ta gogewa shekara da shekaru har ya haura rabin sa'a, bai daina ba sai a 1954. Mutum ɗaya, rabin sa'a, kowa na kallon idonsa.

Amurka ma da haka ta fara. John Bill Ricketts ya buɗe sakas na farko a Filadelfiya a 1793, har George Washington ya je kallo. Babban wawanta na ƙarni na 19, Dan Rice, mai baki ne: yana waƙa, yana muhawara da 'yan kallo, yana yi wa 'yan siyasa shaguɓe, har ya nemi shugabancin ƙasa a 1868. Amma ƙasar tana da faɗi, garuruwa a warwatse, don haka sakas ya koma tanti, daga 1872 ya hau jirgin ƙasa. A 1881 masu sakas Barnum da Bailey suka jera da'ira uku a tanti ɗaya. Lissafin kasuwa ne: in tanti zai ci mutum dubu goma, dole kowa ya sami abin kallo a gabansa. Muryar mutum ɗaya kuwa ba ta kai ƙarshen irin wannan rumfa, ga giwaye, ga 'yan badujala. Wawa mai magana ya mutu a nan.

Abin da ya maye gurbinsa taro ne. Wawaye gomiya a tare, su kwararo su zagaye fili, kowa da abin dariyar da za a gane cikin ƙiftawar ido: gida na cin wuta 'yan kwana-kwana na watsa wa juna ruwa, ko 'yar ƙaramar mota ta tsaya mutane su yi ta fitowa kamar ba za su ƙare ba. Kwalliya ta ƙara kauri, baki ya kai kunne, gashi ya zama ja ko ruwan lemo. Lou Jacobs, dogon mutum ɗan asalin Jamus da ke naɗe kansa cikin motar da ba ta fi akwati ba, shi ne fuskar wannan zamani, har aka sa shi a kan sarki na gidan wayar Amurka a 1966. Akwai kuma gadon da Amurkawa ba sa son tunawa. Tun shekarun 1830 fararen fata ke shafa baƙi a fuska, su zana ƙaton leɓe, suna kwaikwayon baƙaƙe don izgili. Sunan ɗaya daga cikin irin waɗannan wasanni, Jim Crow, shi aka laƙaba wa dokokin wariyar launi daga baya. 'Yan sakas da yawa na farko sun yi wannan wasan, kuma masu bincike da dama na ganin sawunsa a faffaɗan farin bakin wawan Amurka.

Wani reshe da ba na son in tsallake shi ne wawan wasan hawan bijimai na makiyayan Amurka. Aikinsa, in bijimi ya kayar da mahayi, ya shiga tsakani ya janye hankalin dabbar. Wando burum-burum da fenti a fuska, amma ransa yake sawa a gaban ƙaho.

Abin da Amurka ta ƙirƙira nata na kanta shi ne wawa ɗan gararamba, irin mutanen da ke laɓewa a taragon kaya suna neman ƙodago gari-gari. Charlie Chaplin ya kai shi majigi a 1914, kuma kyamara ta dawo masa da kusancin da tanti ya ƙwace. A cikin tantin kuwa, Emmett Kelly ne. Tsumma, gemun kwana uku, baki a saɓule, ba ya murmushi ko sau ɗaya. Ya ɗauki ƙatuwar guduma zai fasa gyaɗa ɗaya, ya mai da ita gari, ya tsaya yana kallon garin. Mafi shahara, ya zo da tsintsiya yana share da'irar hasken fitila da ke ƙasa, hasken na ƙanƙancewa har ya ɓace. Kelly ba ya bin ayarin sauran wawaye. Cikin kujeru yake shiga, ya tsaya gaban mutum ɗaya yana gatsar ganyen kabeji yana kallonsa. Ranar 6 ga Yuli 1944 tantin sakas ɗin kamfanin Ringling ya kama da wuta a Hartford, mutum aƙalla 167 suka mutu, da yawansu yara. Hoton da ya rage a zukatan mutane na Kelly ne, cikin kwalliyarsa, riƙe da bokitin ruwa.

A Rasha, inda gwamnati ta karɓe sakas a 1919 ta kuma buɗe masa makaranta a Masko a 1927, Oleg Popov yana da nasa wasan da hasken fitila. Shi zama yake a cikinsa kamar mai shan hantsi, ya ci ɗan abincinsa, in zai tafi ya tattara hasken ya zuba a kwando. Kwalliyarsa ba ta da yawa. Ba ya buƙatarta, da'irarsa ɗaya ce.

Matsalar ta taso ne da aka ɗauko fuskar da aka zana don nesa aka kawo ta kusa. Wani wawa mai suna Bozo ya shiga talabijin, Ronald McDonald ya fito a 1963 yana tallar abincin kamfanin McDonald's, sai kuma duk wanda ya sayi gashin roba da fenti ya zama wawan bikin zagayowar haihuwar yara. Yaro ɗan shekara huɗu yana zaune a falo, ga ƙaton mutum ya sunkuyo kansa da bakin da ke dariya ko da mai shi ba ya yi. Ba ya iya karanta fuskar, kuma abin da ba a iya karantawa shi ake tsoro. Sauran sai suka biyo. A 1978 aka kama John Wayne Gacy a kusa da Shikago, mutumin da ke sa kayan wawa a bukukuwan unguwa, aka same shi da kisan samari 33. A 1986 Stephen King ya fitar da littafinsa mai dodo cikin siffar wawa. A 2016 jita-jitar wawaye masu laɓewa a bakin daji ta tashi daga jihar Karolaina ta Kudu ta bazu har ƙetare, ta kai McDonald's suka janye nasu daga idon jama'a. Kamfanin Ringling, wanda ya buɗe kwalejin horar da wawaye a 1968 ya rufe ta a 1997, shi kansa ya tsaya a 2017. Da ya dawo a 2023, babu dabbobi, babu kuma fuskar fenti.

Turai ta bi ta wata hanya, ta aji. Jacques Lecoq, wanda ya buɗe makarantar wasa a Faris a 1956, ya taɓa sa ɗalibansa su fito ɗaya bayan ɗaya su ba da dariya. Suka yi tsalle, suka yi gwalo, suka faɗi, ba wanda ya ko murmusa. Da kowa ya koma ya zauna jiki a sanyaye, kunya ta rufe shi, sai dariya ta ɓarke. Daga nan ya gina koyarwarsa: wawan kowane mutum yana cikin abin da yake ɓoyewa, siraran ƙafafu ne, ko manyan kunnuwa, ko son a yabe shi. Ya watsar da fenti ya bar jan hanci kaɗai, wanda yake ɗauka a matsayin mafi ƙanƙantar abin rufe fuska. Almajirinsa Philippe Gaulier ya shahara da zama da ganga a hannu, ɗalibi na cikin wasa ya buga ta ya kore shi, ya gaya masa ƙiri-ƙiri cewa ya gundure shi. Abin da ake koyo shi ne me za ka yi a daidai lokacin da ka faɗi kuma kowa ya gani. Wanda ya kalli Mr Bean ya ga jikan wannan tsohon layi na Turai: babu fenti, magana kaɗan, mutum ne kawai da ke fama da kujera da wando.

Amurkawa ma sun dawo kusa, ta wata ƙofar da Chocolat ya taɓa bi. A 1986 Michael Christensen na sakas ɗin Big Apple ya fara kai wawaye asibitocin yara a New York a matsayin aiki na ƙwararru, kuma abin ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. A 1993 wani wawa ɗan Sifaniya, Tortell Poltrona, ya je ya yi wasa a sansanin 'yan gudun hijira a Kuroshiya, daga nan aka kafa ƙungiyar wawaye masu zuwa wuraren yaƙi da bala'i. Wani bincike na Jami'ar Sheffield a 2008 ya tambayi yara fiye da 250 game da adon bangon asibiti, suka nuna ba sa son hoton wawa. Hoton bango ba ya ganin yaro ya tsorata. Wawan asibiti kuwa da jan hanci yake zuwa da 'yar kwalliya kaɗan, kuma ƙa'idar aikinsa ita ce ya tsaya a bakin ƙofa ya nemi izini. In yaron ya ce a'a, sai ya juya ya tafi, wataƙila ya yi karo da ƙyauren a hanyar fita. Yaron da ba shi da ikon hana allura, ba shi da ikon hana magani, yau ya kori babban mutum daga ɗakinsa, kuma sau da yawa kafin wawan ya kai ɗaki na gaba ya aika a kira shi.